Barewar Alhaji Labaran

Tun ranar da ɗiyata Zulaihat ta samu aiki a gandun namun daji na Alhaji Labaran, tuwo bai sake zauna mani daidai a ciki ba. Sunana Ɗan'azumi, manomi ne ni a Wagini. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ba sai da karatu mutum zai san cewa a shekarun nan kowa gudun daji yake yi ba. Gonata ta nesa, damina huɗu ke nan ban taka ta ba saboda masu bindiga. Sai ga yarinyar da na yi ta fama har ta gama kwaleji ta dawo da takarda, wai aikin da ya dace da takardar shi ne shiga daji kowace safiya.

"Ba irin wancan dajin ba ne, Baba," in ji ta ranar da ta zo yi mani sallama. "A gefen garin Safana yake, an kewaye shi da waya, ga masu gadi. Mutane ke zuwa daga Katsina da Kano su ga dabbobi, ni kuma in zaga da su a mota ina yi masu bayani."

"Waɗanne irin dabbobi?"

Ta fara jero su: barewa, gada, jimina, gauraka, kunkuru, birai. Da ta zo kan kada da kura sai ta sassauta murya tana gyara bakin hijabi, amma kunnuwana ƙalau suke.

Gwajin wata ukku aka ɗauke ta. In ta yi abin kirki a ba ta takardar zama ma'aikaciya, in ba ta yi ba ta dawo gida. A wurin ƙanwata Kande take kwana cikin Safana. Ni kuwa, Allah ya yafe mani, cikin wata ukkun nan ban taɓa yi mata addu'ar cin gwajin da zuciya ɗaya ba. Kullum sai na kira ta sau ukku. In ba ta ɗauka ba in kira Kande. In Kande ba ta ɗauka ba in hau tudun bayan masallaci inda waya ta fi kamawa, in sake kira daga farko.

Wata Juma'a mai ɗakina Barira ta gaji da ni.

"Malam, ka bar tsakar gidan nan ta huta, ka tattake ta kamar masussuka. Gobe ce ranar ƙarshe ta gwajin yarinyar nan. Ka je ka gani da idonka."

"Zan je," na ce. "Kuma ƙafata ƙafarta za mu dawo."

"Ka dai je," ta ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Sammani ne ya ɗauke ni a babur da sassafe. Ɗan kawuna ne, abokin wasana tun muna yara, kuma har yau da furfura a gemunshi bai ga dalilin dainawa ba.

"Riƙe ni da kyau, bawana," ya ce bayan mun wuce Runka. "Wai kai ne za ka ƙwato yarinya daga bakin kura. Kai da bunsuru ya kora har cikin rumbu."

"Shekarata bakwai lokacin."

"Sha biyu. Ina wurin, ni na rufe maka rumbun."

A ƙofar gandun wani maigadi ya tsayar da mu, ya rubuta sunayenmu, ya tambaye mu ko muna ɗauke da makami: bindiga, danƙo, tarko, ko wani abu makamancin haka. Na ce babu, kuma har ga Allah gaskiya na faɗa. Wuƙar da ke ƙuguna cikin kubenta ban taɓa lissafa ta cikin makamai ba. Tun ina saurayi take nan, kamar yadda hula take a kaina. Da ita nake yanke igiya, da ita nake feraye rogo, da ita nake yanke farce. Da ya tambaye ni ko ina da wuƙa, da na miƙa mashi. Bai tambaya ba.

Da ƙyar na gane Zulaihat. Kaki ne a jikinta, doguwar riga da wando, ga takalma irin na sojoji, ga oba-oba, wayar nan irin ta 'yan sanda, rataye a ƙugu tana ta ƙara. Tana ganina ta tsaya cik, sannan ta ƙaraso ta durƙusa.

"Baba, ina kwana? Baba Sammani, ina kwana? An zo lafiya? Ya hanya? Ina su Inna?" Ta ɗaga ido. "Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Hanya ce ta biyo da mu."

"Ƙwarai kuwa, ɗiyata," in ji Sammani. "Tun daga ƙofar gidanku hanyar ta biyo da mu, ba ta ratse ko'ina ba sai nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce yau Alhaji Labaran da kanshi zai shiga mota ya ga yadda take aiki, daga nan ne zai yanke shawara a kanta. Ta ce za ta samar mana wuri a bencin baya, amma akwai dokoki: ba a sauka daga mota, ba a ɗaga murya, ba a taɓa dabba ko a ba ta abinci.

"Don Allah, Baba," ta ce.

"Ke, ni yaro ne?"

Ban gaya mata abin da ya kawo ni ba. Na ce a raina bari in fara ganin wurin, in tara hujjojina, sannan in yi magana da mai gandun baki da baki.

Motar mai buɗaɗɗen baya ce, an jera mata benci an yi mata rumfa. Baƙi takwas ne: malaman makaranta biyar daga Katsina, da wani mutumin Kano da matarshi da ɗiyarsu budurwa. Alhaji Labaran ya zauna gaba kusa da direba. Na zaci zan ga ƙaton mutum cikin babbar riga, sai na ga wani siririn tsoho da sanda, wanda bai cika magana ba. Direban ya gaya wa Sammani cewa mahaifin Alhaji maharbi ne, shi kuma da ya ga jikokinshi ba su san barewa ba sai a waya, ya kewaye filin nan ya fara tara abin da ya rage.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai ƙirjin mutum. Abin da ya fara kama mani ido ba dabba ba ce, itatuwa ne: marke, ƙirya, taura, kanya, manya-manya irin waɗanda muka daɗe da sarewa a wajenmu. Sai kuma ƙasar. Baƙa ce wuluk, mai laushi.

"Dubi ƙasa, Sammani," na ce a hankali. "Dawa za ta yi a nan har ta fi ƙarfin rumbu. An bar wa ciyawa."

"Yi shiru, ana karatu."

Zulaihat na tsaye a gaba ta dafa ƙarfen rumfa tana bayani. Ta sa an tsaya wurin wasu zabi, mutanen birni suka ɗaga wayoyi suna ta ɗauka, zabin da a gidana sai na kore su daga kan shanya. Ta nuna masu jimina namiji kwance bisa ƙwai, ta ce shi da macen karɓa-karɓa suke yi. Matar Bakanon ta taɓa mijinta ta ce ya ji da kyau. Ta nuna wani sawu a laka ta ce na gada ne, kuma da asuba ta wuce. Na leƙa, na ga haka ne. Ban san inda ta koyi wannan ba, don ni ban koya mata ba. Wani malami ya yi mata tambaya da Turanci mai tsawo, ta amsa mashi da wanda ya fi nashi tsawo. Na ga Alhaji ya ɗan gyaɗa kai. Raina ya yi daɗi, sai na tuna ba jin daɗi ya kawo ni ba.

Daga nan muka iso wurin birai.

Sun kai ashirin, jajaye, zaune a gefen hanya kamar masu jiran mota. Zulaihat ta ɗaga hannu, direba ya kashe inji. Ta ce cikin raɗa ba kasafai suke yarda a matso su haka ba, kowa ya yi tsit. Akwai wata mai goyo, ɗan ya maƙale a cikinta. Kowa ya ɗaga waya. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani babba da ke zaune bisa kututture yana ɓare wani abu da haƙori, yana kallona a kaikaice. Irin zaman nan, irin kallon nan, na san su. Shekara talatin ina fama da su a gonar gyaɗa. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ji tafina da muryata.

"Kai! Hai! Ɓarayin banza!"

Kafin in rufe baki babu biri ko ɗaya, sai ciyawa na kaɗawa.

Budurwar Kano ta ce, "Wayyo, saura kaɗan in ɗauki mai goyon." Alhaji Labaran ya juyo a hankali ya dube ni ta gilashin baya. Sammani ya matsa can ƙarshen benci ya tambayi malamin da ke kusa da shi, "Malam, wannan mutumin tare kuke?"

Zulaihat ta ba baƙi haƙuri. Ba ta dube ni ba. Da muka ƙara gaba kaɗan muka iso wani ɗan tafki mai rumfar kara a gefenshi, ta sa direba ya tsaya, ta sauko ta zagayo wurina.

"Baba, rana ta fara zafi. Ka huta a rumfar nan, akwai benci da randa. Za mu zaga mu dawo, rabin awa ne."

"Kadan fa?"

"Tafkinshi daban, can nesa, kuma a kewaye."

"Kurar fa?"

"A rufe take. Kada dai ka bar rumfar, Baba."

Sammani ya ɗaga mani hannu daga kan mota kamar mai tafiya Makka.

Na zauna ni kaɗai da kunyata. Na zo ne in ɗauke yarinya da mutunci, ba in sa a kore ta ba, kuma tsakanin abubuwan nan biyu akwai bambanci ko da Sammani ba zai gane ba. Na sha ruwa. Na ƙirga gaurakin da ke bakin tafki. Na duba wayata, babu sabis. Ina cikin tunanin abin da zan ce wa Alhaji sai na ji motsi cikin ciyawa ta bayana, na ɗage ƙafafuna bisa benci.

Barewa ce. Rabona da ganin barewa da rai tun ina bin mahaifina gona. Ta fito tana tangaɗi kamar wadda ta sha wani abu, kai a sunkuye, ƙafafu na harɗewa. Ta yi taku biyar ko shida, ta durƙusa, ta yunƙura, ta faɗi rim a gaban rumfar, bai fi tsawon gora biyu daga inda nake ba. Harshe ya fito. Ido ya kafe. Ƙafar baya na ɗan shure-shure.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan faɗuwar. A Wagini in dabba ta faɗi haka ba a tambayar ta waye. Mace ta leƙo ta katanga ta yi kururuwa, "A kawo wuƙa!" duk namijin da ya fi kusa shi zai tsallako, ko da ba ya ga maciji da mai dabbar. Barin halal ta zama mushe a gabanka, kana da hannu kana da wuƙa, abin kunya ne da ake tuna wa mutum har 'ya'yanshi. Yayana ya taɓa shan dukan da bai manta ba saboda ya tsaya neman takalmi rago ya mutu.

Na miƙe na yi kira. "Jama'a! Akwai kowa?" Gauraki suka tashi, ba wanda ya amsa.

Na tuna an ce ba a taɓa dabba. Amma na ce a raina wannan doka ta masu lafiya ce. Wannan kam tafiya za ta yi, ko na taɓa ko ban taɓa ba. In na yanka, Alhaji ya samu nama da fata. Watakila ma ya ce uban yarinyar nan, duk da bakinshi, mutum ne mai kula da dukiyar mutane. Har na fara jin yadda zan amsa godiyar.

Na ja ta zuwa inuwa. A cinyarta na ga wani ɗan abu mai jan gashi a maƙale, na ɗauka wani irin furen ciyawa ne, na cire na yar. Na kwantar da ita ta gefen hagu, na fuskantar da wuyanta gabas. Na tona ɗan rami inda jini zai zuba, don kada a ɓata wa mutane gaban rumfa. Tonon nan da wuƙar na yi shi, shi ya sa da na gwada bakinta a babban yatsa na ji ta dakushe.

Ba a yanka da dakusasshiyar wuƙa, azabtarwa ce. Ba a kuma wasa wuƙa dabba na kallo. Haka mahaifina ya koya mani, haka malaminmu ya faɗa. Na cire hulata na rufe mata ido, na ɗebi ruwa a moɗa, na zaga bayan rumfa inda na ga wani dutse mai santsi. Ina wasawa ina addu'a Allah ya sa ta jira ni. Dutsen ba shi da kyau sosai, ya ɗauke ni lokaci. Sai da wuƙar ta aske gashin hannuna na dawo.

Tana numfashi har yanzu. Na yi hamdala. Na durƙusa, na take ƙafafunta, na shafa wuyan na nemo wurin, na ɗora wuƙa.

"Bismillahi..."

"Baba!"

Ban taɓa jin ɗiyata ta yi irin wannan ihun ba. Na ɗaga kai na ga mota tafe a guje tana tsalle bisa kunyoyin hanya, baƙi sun rirriƙe ƙarfe. Tun kafin ta tsaya Zulaihat ta diro, ta faɗi bisa gwiwa, ta tashi, ta iso ta kama wuyan hannuna da hannu biyu.

"Barci take yi! Allura aka yi mata, barci take yi!"

A daidai lokacin wasu mutum ukku suka ɓullo daga cikin ciyawa suna haki, na gabansu riƙe da wata siririyar bindiga da jaka. Shi ne Dakta Musaddiq, likitan dabbobin gandun. Daga baya na ji bayanin: kwana ukku yana bin barewar nan saboda ta taka tarkon da wani ya ɗana ta ƙarƙashin waya. Yau ya samu ya harba mata allurar barci, ta ruga cikin doguwar ciyawa ta ɓace masu. Ya faɗa a oba-oba cewa ta yi wajen tafki. Zulaihat na jin haka ta buga rufin mota ta ce direba ya juya, ko izinin Alhaji ba ta tsaya nema ba.

Amma a lokacin babu wanda ya tsaya yi mani bayani.

"Ba ni wuƙar, Baba."

Na ba ta.

"Tayar da ita bisa ƙirjinta, in ta daɗe ta gefe cikinta zai kumbura. Haka. Riƙe ƙahonin. Ɗaga kan, hanci ya kalli ƙasa. A'a, bar hular inda take."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ba ni umarni ba, ni kuma ban taɓa bin umarni da sauri irin na ranar ba. Ta ɗaga ƙafar baya, sai ga igiyar roba ta zarge saman kofato, ta nutse cikin nama, wurin ya kumbura yana ruwa. Ni da na ja dabbar nan na juya ta, ban ga wannan ba. Wuya kawai nake kallo.

Dakta ya gwada almakashinshi, bakin ya ƙi shiga ƙarƙashin igiyar. Zulaihat ta zura tsinin wuƙata a hankali, ta ɗan murɗa, igiyar ta tsinke.

"Kai, wannan wuƙa ta sha washi," in ji Dakta.

"Ai musamman don barewar aka wasa ta, Likita," in ji Sammani daga kan mota.

Dakta ya wanke ciwon yana sa magani. Zulaihat ta ɗora tafin hannu a haƙarƙarin barewar tana duban agogo, tana gaya mashi yawan numfashi. Ta sa aka kawo ruwan randa aka yayyafa mata a jiki. Kuma duk tana wannan, ta juya wajen baƙi ta ce su matso da mota kaɗan amma kada su sauko, ta ɗaga guntun igiyar ta nuna masu, ta yi masu bayanin yadda tarkon da aka ɗana wa zomo yake gurgunta barewa, da muryarta ta ɗazu, kamar dama an shirya wannan cikin yawon. Gwiwar wandonta ta yage, jini na ɗan fitowa, ba ta ko duba ba. Ni ina riƙe da ƙaho, numfashin dabbar na dukan hannuna da ɗumi, hannuwana sai rawa suke. Na dubi nata. Ko motsi.

Dakta ya yi wata allurar, ya ce kowa ya ja baya. Zulaihat ta zare hulata ta miƙo mani, jiƙe da yawu. Ba a daɗe ba barewar ta kaɗa kunne, ta ɗaga kai, ta miƙe tana layi. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni dai na ga kamar ta fi daɗewa a kaina, sannan ta shige ciyawa tana ɗingishi. Baƙi suka fara tafi, Zulaihat ta ɗaga hannu suka bari.

Sai Alhaji Labaran ya buɗe ƙofa ya sauko da sandarshi.

Ya dubi ramin da na tona. Ya dubi gabas. Ya sake duban ramin.

"Zulaihat."

"Na'am, Alhaji."

"Mece ce dokar farko ta mai zagawa da baƙi?"

"Ba a barin baƙo shi kaɗai a cikin gandu."

"Wa ya bar wannan?"

"Ni ce, Alhaji."

Alhaji ya ce barewa mata ukku kacal gare shi a gandun nan, kuma wannan sai da ya shekara biyu yana nema kafin ya same ta. Sannan ya juyo wurina, ya miƙo hannu, ya fara gaisuwa. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen Wagini, ya yi mana jajen halin da ake ciki, ya tambayi wake ko ya fara fure. Ina amsawa gumi na bin bayana.

"To Malam, me ke tafe da kai?"

Kafin in buɗe baki Sammani ya riga ni.

"Ya zo tafiya da ita gida ne, Alhaji," in ji Sammani. "Tun daga Wagini yake faɗa. Ya ce ƙafarshi ƙafarta."

Zulaihat ta ɗago ta dube ni, sannan ta mayar da kanta ƙasa.

"Ashe," in ji Alhaji. "To ai an hutar da ni. Ina ta tunanin yadda zan yi da wannan magana, ga uba ya zo da kanshi. Ga ta nan, Malam. Allah ya kiyaye hanya."

Abin da na yi wata ukku ina nema ke nan, an miƙo mani shi a hannu. Babur na bakin ƙofa, kafin la'asar muna gida. Na dubi yarinyar. Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu tana kwance oba-oba daga ƙugunta, yatsunta duk shuɗin magani, tana yi a hankali don kada ta ɓata madaurin.

"Alhaji," na ce, "a yi mani izini in yi magana."

"Bismillah."

"Laifin nan nawa ne. Ni na kori birai, ni na tona rami. Yarinyar nan ta ajiye ni a rumfa ne don ba za ta iya ce wa ubanta ya rufe baki a gaban mutane ba. Wace ɗiya ce za ta iya? Da wani baƙon ne da ta tsawata mashi an wuce wurin. Kuma duk cikin motar nan ita kaɗai ta san abin da manomi zai yi in dabba ta faɗi a gabanshi. Likita bai sani ba, da bai tsaya nema cikin ciyawa ba, da ihu zai yi. Shekara arba'in ina cikin dabbobi. Na ga masu ɗori, na ga masu karɓar haihuwar saniya. Ban ga hannu irin nata ba. In an kore ta saboda ni, an yi asarar ma'aikaciya, ni kuma ban san da wane ido zan dube ta ba."

"Wa ya ce kora? Kai ka zo ɗaukarta."

"Na fasa."

"Malam, daji ne fa nan."

"Na gani."

"Akwai kada."

"An ce a kewaye yake."

"Akwai kuraye biyu."

Na juya wajen Zulaihat. "Ke, ba ɗaya kika ce mani ba?"

"Ban faɗi adadi ba, Baba."

"Macen ma ciki gare ta," in ji Alhaji.

Kowa ya zuba mani ido, har Dakta ya bar haɗa jakarshi.

"Allah ya sauke ta lafiya," na ce.

Matar Bakanon ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Alhaji bai yi dariya ba, amma gemunshi ya motsa. Ya daɗe yana kallon inda barewar ta shige.

"Mayar da abin nan ƙugunki," ya ce wa Zulaihat. "Litinin ki zo ofis ki karɓi takardarki. Amma ki ji da kyau: ranar da kika sake barin baƙo shi kaɗai a gandun nan, ko uban waye, ranar za ki ajiye kakin."

"In sha Allahu ba za a sake ba, Alhaji. Na gode."

"Ki sa wa gwiwar nan magani. Baƙi na jira." Ya nuna ni da sanda. "Kai kuma Malam, gaba za ka zauna, tsakanina da direba. Wuƙar ta zauna wurin Likita sai kun zo fita."

Zulaihat ta wanke hannu a bakin randa, Dakta ya manna mata auduga a gwiwa. Da za ta hau mota ta biyo ta kusa da ni, ta ɗan rusuna, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Amin. Ki dai riƙa tsayawa nesa da kurayen nan."

"To. Amma don Allah, in za ka sake zuwa, ka gaya mani tun ana saura kwana biyu."

"Don ki yi mani tanadin abinci?"

"Don in roƙi hutu ranar."